Garken Aghali a Tsohon Injina

Aikin nan wahala ne, kuma ba mai gode maka a kansa. Ku yaran yanzu kuna ganin mutum zaune a inuwa gaban kwamfuta, sai ku ce ya samu sana'ar hutu. Shekara ashirin da wani abu na yi ina buɗe cikin inji a Arlit. Bayana ya lanƙwashe, ƙaramin noti ba na ganinsa sai na fito bakin ƙofa, kuma har gobe shagon Lawali ya fi nawa.

Lawali shi ne wanda muka koyi aiki tare. Na zo daga Damagaram a bayan kamyo, babbar motar kaya, ina neman aikin ma'adinai, ba a ɗauke ni ba, don aji huɗu kawai na yi a lakwal. Wani ɗan garinmu ya kai ni wajen Baba Adamu, tsohon mai gyaran rediyo a bayan kasuwa, wanda ya fara sayen tsofaffin kwamfutocin da ofisoshi ke fitarwa. Na tarar da Lawali a wurin, ya riga ni da wata biyu. Saboda wata biyun nan har yau ƙanensa yake ce mini, alhali na girme shi.

Aikin farko da aka ba ni injin wata sakatariya ne, yana kunnuwa yana mutuwa. Na ɗauki turnabis, abin kwance noti, zan cire murfi, sai na ji ƙotar wani turnabis ɗin a bayan hannuna.

“Ka kwafe?” in ji Baba Adamu.

Na ce matar ta ce ba komai a ciki.

“Ba ita na tambaya ba. Kafin ka taɓa kayan mutum, ka kwafe abin da ke ciki ka ajiye gefe. Ko ya rantse maka ba komai, ka kwafe.”

Shekara biyar yana dukan hannuwanmu a kan wannan, ni da Lawali, har abin ya bar kai ya koma hannu. Yau ko hankalina na wani wuri, hannuna zai kwafe kafin ya taɓa.

Kayan aikina ba su da yawa. Turnabis biyu, burushin fenti mai laushi, famfon keke na hura cikin inji, mita, da farin man nan da ake shafa wa ƙwaƙwalwar inji don ta miƙa zafinta ga ƙarfen da ke kanta. A garin nan zafi shi ne ciwon kwamfuta. In ƙwaƙwalwa ta ɗauki zafi, da kanta take rage gudu don kada ta ƙone, kamar yadda jaki ke yi da rana tsaka. Mai inji zai zo yana cewa an sa masa cuta, alhali iska kawai abin ke nema.

Da Baba Adamu ya rasu muka rabu. Lawali ya auri ƴar wani ɗan kasuwa mai zuwa Tamanraset, don haka kaya sabbi ke zuwar masa a kwali. Ya kama shago a tsakiyar gari. Ni na kama nawa a hanyar Akokan, daidai inda bas ɗin kamfani ke ɗauka da sauke ma'aikata. Inji biyar gare ni, duk tsofaffi, duk haɗe-haɗe: kan wannan, cikin wancan.

A cikin ɗaya daga cikinsu na tarar da wasan da ya riƙe mini shago. Ba irin na ƙwallo ko na harbi ba ne da kuke yi a waya, inda hannu ke gudu. Wannan kamar dara yake, ka yi, a yi. Za ka kafa ƙauye, ka yi noma, ka gina ganuwa, ka tara dakaru. In ka gama abin da za ka yi a wannan zagayen sai ka danna maɓalli, inji kuma ya yi wa sauran ƙasashen nasu, su goma ko fiye, kai kana jira. Da farkon wasa jiran bai kai ƙiftawar ido ba, don duniyar fili ce. Amma in aka yi zagaye ɗari uku, ko'ina ya cika da birane da jiragen ruwa, kuma kowane soja ɗaya sai inji ya tsaya ya duba masa hanya. A nan ake gane injin kirki.

Mutum uku suka ɗauki wasan nan da gaske, duk ma'aikatan ramin ma'adinai na Akokan. Isufu mutumin Tawa, mai aikin kuran, wato wutar lantarki, mai baki. Haruna ɗan Maraɗi, wanda bai cika magana ba. Sai Aghali, mutumin Abzin, dogo, mai tuƙa babbar motar kwasar dutse a ƙarƙashin ƙasa. Wasa ɗaya suke yi a inji ɗaya, kowa da ƙasarsa. Bas ya sauke su da la'asar, su yi salla, sai Isufu ya zauna ya yi nasa, ya tashi Haruna ya zauna, sannan Aghali. Shi ke dannawa a ƙarshe, kuma shi ke ɗora shayi. Kusan shekara biyu suna kan wasa guda.

Su ne fadar shagona. Mutane na zuwa kallo, ana gardamar wa zai ci wa da yaƙi, kuma mai zuwa kallo shi ne gobe zai kawo maka wayarsa ko injin ofishinsa. In babu su ukun nan, ƙofata ba ta da bambanci da ta mai faci.

Da shayin Aghali muke auna jira. A shekarar farko inji kan gama kafin ruwa ya tafasa. Daga baya sai an sha kofin farko. Da aka shiga shekara ta biyu, a sha na farko, a sha na biyu, a sha na uku, a wanke kofuna, fankar inji na kuka, allo na nuna ana jira.

“Mutari,” in ji Isufu, “injin ga naka tunani shika yi ko kwana?”

“Tunani yake.”

“To mi shika tunani haka? Ko aure za shi ƙara?”

Ba abin da ban yi ba. Na cire murfin gefe, na ɗora injin a kan bulo biyu don iska ta bi ta ƙasa. Na rataya buhun algarara a taga, ina jiƙa shi sau huɗu a yini, na sa fanka ta jawo sanyinsa ta hura cikin inji, kamar yadda ake sanyaya ruwan salka. Na kankare tsohon mai na shafa sabo. Na ciro baret, ƴan allunan da inji ke riƙe lissafi a kansu, daga sauran injina na ƙara masa, na bar biyu a kwance. Na shiga cikin wasan na kashe duk wani ado, har sojoji suka daina tafiya, sai dai su ɓace nan su bayyana can. Duk wannan ya rage kofi ɗaya ne kawai. Ga shi in kuran ya yi ƙasa, injin ya mutu ana tsakiyar lissafi, sai a sake daga inda aka tsaya.

Ana cikin haka aka kawo wa Lawali sabon inji. Isufu ne ya kawo mini labari, da gayya.

“Na gani da idona. Ka danna, kahin ka ɗaga yatsa ya ƙare. Ko kuka ba shi yi.”

Na ce tallan ƴan kasuwa ne. Amma washegari na rufe shago na hau kabu-kabu, wai zan je aron noti. Ina tura ƙofar gilashi sanyin kilim, na'urar sanyaya ɗaki, ya dake ni a fuska. Injin na kan tebur, baƙi, gefensa gilashi, wata shuɗiyar wuta na yawo a ciki. Fankoki uku na juyawa, ban ji motsin ko ɗaya ba. Na tsaya ina kallonsa har na manta da notin.

“Ƙanena, zauna mana ka taɓa shi,” in ji Lawali.

Na ce sauri nake. Ban taɓa shi ba. A hanyar komawa ina ta lissafi: ni na fi shi iya gano ciwon inji da kunne, ni Baba Adamu ke ba wa aikin da ya gagara, amma shi ke zaune a sanyi, ni ina jiƙa buhu.

Sai mummunar shekara ta zo. Aka sanar za a rufe ramin Akokan. Mai kawo gyara ya koma mai kawo sayarwa, kowa na ɗaure kaya, gida bayan gida ana sa kwaɗo. Isufu zai koma Tawa. Haruna ya ce zai gwada wajen zinariya a arewa. Suka ce lallai su ƙarasa wasansu kafin ranar ƙarshe, a san wanda ya ci. Isufu ya ƙirga a yatsa: zagaye biyu a yini, ba za su kai ba.

“Mu ɗauka mu kai wajen Lawali,” in ji shi, a gabana, yana shan shayin da aka dafa da gawayina.

Aghali ya girgiza kai. “A nan muka fara.”

Maganarsa ta tsayar da su a ranar, amma na san ba za ta daɗe ba. Isufu ba ya barin abu.

Na san inda nauyin yake, don na daɗe ina lura. Isufu da Haruna, in zamanin bindiga ya zo a wasan, sallamar masu mashi suke yi. Aghali bai taɓa sallamar ko ɗaya ba. Tun mai kulki na ranar farko, da masu baka, da mahaya raƙumi, duk suna nan, sun haura ɗari. Bai tsare su a birni ba, ya sa su yawo da kansu, abin da yake kira kiwo. Kowane zagaye sai inji ya nemo wa kowannensu hanya, kuma duk sojan wata ƙasa da zai wuce sai ya kauce musu. In ya zauna, kafin ya yi komai sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya, leɓensa na motsi a ƙarƙashin amawali. Garkensa yake ce musu.

Na taɓa yi masa magana. Na ce, Malam Aghali, waɗannan tsofaffin ba sa yaƙi, ba sa noma, su ke cinye mana lokaci. Ya ce, “Bar su.” Bai ƙara ba.

Ranar wata Talata da hantsi, suna can ƙarƙashin ƙasa, na kunna injin. Hannuna ya sa kile, ɗan abin nan da ake soka wa inji a ajiye aiki a cikinsa, ya kwafe wasan, na jefa a aljihun tebur. Sannan na shiga ƙasar Aghali na fara sallama. Na ga kowane soja da suna a ƙasansa, kalmomin da ban sani ba, na ɗauka wasan ne ke raɗa musu. Na bar masa masu bindiga kamar ashirin. Na ajiye a kan na da, na gwada zagaye ɗaya a gefe. Kafin kofi na biyu ya gama. Na zauna ina murmushi ni kaɗai, ina cewa Lawali ya zo ya yi wannan da kunne da turnabis in ya isa.

Da la'asar Isufu ya yi nasa, Haruna ya yi nasa. Aghali ya zauna. Ya ja taswira gabas, ya ja yamma. Ya daɗe.

“Ina su?”

Na ce na rage masa nauyi ne, yanzu za su ƙarasa wasan a kan lokaci, ya danna ya gani.

Bai danna ba. Ya sa yatsa a allo, a kan wani tudu da ba kowa.

“Mai kulki yana nan jiya. Shi ya koya mini tuƙi a rami. Ya rasu a Agadas bara waccan.” Ya matsar da yatsa. “Nan mutum biyu, wa da ƙane, sun koma Timiya. Nan wanda motarmu ta lalace muna tare, muka yi yini a ƙasa.”

Ashe sunayen laƙabi ne da Tamajak, harshensu na Abzin. Duk wanda suka taɓa shiga rami tare, in ya bar aiki ko ya bar duniya, sai ya sa wa soja ɗaya sunansa ya sake shi kiwo. Ko Isufu bai sani ba.

Aghali bai ɗaga murya ba. Ya ja amawali har ƙasan ido.

“Maido su, Mutari.”

Kilen na cikin aljihun tebur, gwiwata na taɓa shi. Har na kai hannu. Sai Isufu ya ce, “I, maido su. In sun yi ma injinka nauyi, mu kai ma Lawali, nashi na ɗaukassu duka.”

Na janye hannuna. Na ce, “Ba sa maiduwa. Abin da aka sallama ya tafi.”

Aghali ya dube ni, ya tashi, ya zubar da ruwan shayin da bai tafasa ba, ya ɗauki butarsa da ƴar murhunsa ta waya ya fita. Shekara biyu butar nan ba ta kwana a wani wuri ba sai shagona.

Wasan mutum uku ba ya yiwuwa da biyu. Haruna ya zo sau ɗaya ya gaishe ni daga waje. Masu kallo suka watse. Kullum da la'asar bas ya tsaya a ƙofata, Aghali ya sauko, ya bi ta ɗaya gefen titi. Na ci gaba da jiƙa buhu saboda sabo, fanka na hura injin da ba mai taɓawa. Ina ce wa kaina, ai gara kowa ya rasa da a ce an ƙarasa a wajen Lawali. Haka nake ce wa kaina, ba zan ɓoye muku ba.

Saura kwana goma a rufe ramin, da azahar, sai ga Lawali a kan babur ɗinsa. Bai taɓa zuwa shagona ba. Ya shigo ya dubi buhun, ya dubi bulon, ya sa tafin hannu a bakin fanka.

“Wallahi da sanyi,” in ji shi. “Ni da ba zan yi tunanin wannan ba.”

Na ce ya faɗi abin da ya kawo shi.

“Mutanenka sun zo wajena. Suna tambaya ko akwai dabarar da ake maido sojan da aka sallama.”

“Me ka ce musu?”

“Na ce su ba ni kwana biyu.” Ya zauna a kujerar Aghali. “Ƙanena, ni da kai ƙota ɗaya ta dake mu. Ba ka iya share abu ba ka kwafe ba. Ko ka so, hannunka ba zai yarda ba. Yana ina, aljihun tebur?”

Na dubi aljihun teburin, ya ci gaba.

“Ban gaya musu ba, kuma ba zan gaya ba. Ka ce ka yi ta tono ne har ka samo. Da zai yiwu da na kawo maka injina nan su ƙarasa, amma kuran ɗinka ba zai ɗauke shi ba, ga zafi.”

“Ban roƙe ka ba.”

“Na sani. Mutumin nan kwana goma gare shi, daga nan sai dutsen Abzin. Ba zai sake ganin kwamfuta ba, kai ma ka sani.”

Ya tashi, ya karkaɗe wandonsa kamar kujerata ta ɓata shi, ya hau babur. Na tsaya a ƙofa ina jin haushinsa fiye da ranar da na ga injin. Inji dai surukinsa ne ya kawo masa. Wannan halin kuwa ba wanda ya kawo masa daga Tamanraset, a bencin Baba Adamu da ni ma na zauna ya samo shi.

Na san abin da zai biyo baya, kuma shi ya biyo. A wajen Lawali suka ƙarasa, cikin kwana huɗu. An ce Haruna ne ya ci, shi da ba ya magana. Masu kallon da suka bi su can ba su dawo mini ba. Ban je na gani ba.

Washegarin zuwan Lawali, bayan sallar asuba, na buɗe shago na sa kilen a inji. Garken na nan, mai kulki na kan tudunsa. Na kwafe na ajiye gefe, na zare kilen, na fita na tsaya inda ma'aikata ke jiran bas. Aghali na can ƙarshen layi da kwanon abincinsa. Na miƙa masa.

“Ga su. Kai wa Lawali.”

“Duka?”

“Duka. Tun ranar suna cikin teburina, ba tono na yi ba.”

Ya dube ni, ya dubi kilen. Ya jawo ƴar jakar fatar da ke wuyansa, ya sa shi a ciki, ya mayar cikin riga. Bas ya zo, ya hau.

Na koma shago, na jiƙa buhu, na kunna fanka. Na buɗe kwafin da na ajiye, da garken cif, na cire agogona na aza a kan tebur, na danna. Ina so in san da minti nawa Lawali ya fi ni.